Sunan Baskawa da Ya Ci Mini Gida

Shekarar da aka mayar da ni aikin Dir'iyya, a gefen birnin Riyad, na fara lura da sunan. Ni safiyo ne, awon ƙasa nake yi, kuma a wurin gini irin namu kowa da sunan gidansu manne a goshin hular kwanonsa. Injiniyan da nake ƙarƙashinsa mutumin Chile ne, dogo, fari, mai furfura a gemu. Wata rana muna tsaye da shi a bakin wani rami sai ga mai gyaran wutar lantarki, wani gajeren ɗan Filifin mai fara'a, ya zo neman izinin haƙa. Na dubi goshin wannan, na dubi goshin wancan, suna iri ɗaya.

Ban iya riƙe bakina ba. Na ce da injiniyan, da laƙabin da ake kiran injiniya da Larabci, "Muhandis, ashe ƙaninka ne ka bar shi yana jan waya a rana?"

Suka yi dariya dukansu. Ashe sun riga ni gani, har sun sha shayi a kan maganar. Da lokacin hutun azahar ya yi, injiniyan ya ja ni inuwar wata katanga ya ba ni labarin. Ya ce sunan ba na Chile ba ne, ba kuma na Filifin ba. Na wasu mutane ne da ake kira Baskawa, mazauna duwatsun da ke tsakanin Sifaniya da Faransa, masu yarensu na daban wanda maƙwabtansu ba sa ji. Ma'anar sunan kuwa, wai "sabon gida". Na ce to ai mu ma duk hanyar da ka bi a ƙasarmu sai ka wuce wani ƙauye mai suna Sabon Gida. Ya ce nasu ba ƙauye ba ne, gida ne guda ɗaya na dutse, kuma ya girmi kakan kakansa, amma har gobe sabon gida ake ce masa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda sunan ya yi ƙafa. Ya ce a can gida ne ke da suna, mutum aro yake yi. Kuma ba a raba gida. Uba yakan zaɓi ɗaya daga cikin 'ya'yansa, mace ko namiji, ya damƙa masa gidan da gonar da dabbobin gaba ɗaya. Sauran sai su kama gabansu. Wasu su shiga jirgin ruwa, wasu su zama limaman coci, wasu su tafi kiwon tumaki a dazukan Amurka, wasu su bi sojan Sifaniya har tsibiran Filifin. Kowa ya fita da sunan gidan, ba ya ɗaukar ko ƙyaure. Haka aka wayi gari sunan yana Chile, yana Ajantina, yana Manila, ga shi yau har ya zo Riyad yana shan rana tare da mu. Ɗan Filifin ɗin ma bai san ta ina nasa ya biyo ba, kuma bai damu ba. Shi dai ya ce a makarantarsu ana yi masa kallon ɗan manya saboda shi.

Ni ma ina da nawa sunan na biyu, amma ba gado na yi ba. Ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya ga masu irin sunana sun yi yawa a aji, ya liƙa mini sunan garinmu don ya bambanta ni, shi ke nan. Wani tsohon gari ne a ƙasar Katsina. Da sunan nan na yi jarrabawa, da shi na yi fasfo, shi ne a kan iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, shi ne kuma ɗana ya gada, yaron da aka haifa a wani asibiti a unguwar Al-Shumaisi a nan Riyad, wanda bai taɓa kwana a garin ba. A garin kuwa ba wanda ya san mu da wannan suna, tunda kowa ɗan garin ne. Can gidan masaƙa ake ce mana. Kakanmu masaƙi ne, kuma har na yi wayo ramukan masaƙarsa na nan a gefen zaure, muna wasa a ciki.

Ɗan nan nawa shi ne damuwata tun kafin in haɗu da wani injiniya. Shi kaɗai Allah ya ba mu. Ya tashi a nan, Larabcinsa na 'yan Najdu ne tsantsa, wato mutanen wannan yankin, in yana waya ba ka cewa ba ɗan ƙasa ba ne. "Yuba" yake ce mini, yadda 'ya'yansu ke kiran ubanninsu. Hausarsa kuwa sai addu'a: yana ji, amma in zai mayar sai ya yi ta lalube kamar mai neman takalmi a ƙofar masallaci. Uwarsa ta yi faɗan har ta gaji. Kuma ƙasar nan, kowa ya sani, ko shekara nawa ka yi baƙo ne kai. Ana haifarka a nan ka girma ka yi gemu, ranar da iƙama ta ƙare a buga maka huruj niha'i, wato fita ba dawowa. Na san rana na zuwa da yaron zai wuce shekarun zama a ƙarƙashin iƙamata. In bai sami kafil nasa ba, wato wanda zai ɗauke shi aiki ya tsaya masa, dole ya tafi. Tambayar da ke cina kullum ita ce, in ya tafi ina zai sauka?

Amsar da nake ba kaina ita ce gidan masaƙa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, amma ba a taɓa gidan ba saboda Inna tana ciki, Yayana kuma yana zaune tare da ita da iyalinsa. Mu uku ne: Yaya, ni, sai ƙanwarmu da ke aure a Zariya. Ina da ɗakina a can, na kusa da rijiya, wanda nake sauka in na je hutu. A raina na riga na ba wa yaron ɗakin.

Da bazara ta zagayo injiniyan ya tafi hutu, ya ce wannan karon ba Chile zai je ba, zai je neman gidan. Na ɗauka zance ne. Sai ga shi ya dawo yana washe baki, ya miƙo mini wayarsa tun kafin mu gaisa. Gida ne fari mai jan rufi a gindin tudu, ciyawa shar ko'ina, ga sunan nan a sassaƙe a jikin dutsen da ke saman ƙofa. Ya ce ya tarar da wata tsohuwa tana shanya. Ya gaya mata sunansa da ƙasar da ya fito. Ba ta yi mamaki ba, wai ana zuwa, bara ma wasu sun zo daga Meziko. Ta ba shi cuku da burodi, ta nuna masa murhu da matakalar da kakansa ya sauko ranar da zai tafi, suka ɗauki hoto, ya kama hanya. Ko sa'a guda bai cika ba. Ya ce amma tun da yake bai taɓa jin ƙafarsa ta taka ƙasa sosai ba sai ranar.

Na yi masa murna da baki, amma wallahi hassada ce ta cika ni. Mutum ya zo daga bangon duniya bayan kakanni sun shuɗe, ya faɗi suna kawai a buɗe masa ƙofa. Mu kuwa na san yadda muke yi. Ana gama sadakar arba'in a kira mai awo irina, a ja igiya, a tsaga tsakar gida uku, wannan ya toshe nasa da bulo, wancan ya sayar wa baƙo. Jikoki su zo ba su san inda zaure yake ba.

Ba a jima ba Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Na samu na je kafin arba'in. Da aka zauna maganar gado, ƙanwarmu ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce a fitar mata da nata daga gona ta gan shi a hannunta, gida kuma mu maza mu san yadda za mu yi. Aka yi haka. Gida ya rage tsakanina da Yaya.

Da yamma muna zaune a kan dakali na ba shi labarin Baskawa, tun daga hular kwano har tsohuwar mai cuku. Ya saurara yana ɓare goro. Da na gama ya ce, "To Alhaji, yanzu so kake mu bar rabon da Allah ya yi mu bi na makiyayan Turawa?"

Na ce, "A'a Yaya, rabo yana nan yadda Allah ya ce. Amma in an ba ni nawa, ai ina da ikon in yi kyauta da shi. Na bar maka. Gida ya zauna a hannu ɗaya, kada a tsaga. Ni ba abin da nake so illa ranar da ɗanka zai dawo ya tarar da ƙofa a buɗe."

Ɗanka na ce, don haka muke faɗa, ɗan ƙani ɗa ne. Yaya ya ce, "Allah ya bar zumunci." Har idonsa ya kawo ruwa, kuma har yau ban ce na ƙarya ba ne.

Washegari muka kira limamin unguwa da dattawa biyu. Liman tsoho ne da ya san mu tun muna yawo ba wando. Da na faɗi abin da ya tara mu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, amana kake ba shi ko kyauta? Ka san ba ɗaya ba ne. Amana taka ce a hannunsa. Kyauta kuwa in ya karɓa ta fita hannunka har abada."

Na ce kyauta. Ya sake tambaya, na sake cewa kyauta. A kaina lissafin a miƙe yake: injiniya ya ce wanda aka bar wa gida shi ne mai gida ɗungurungum, ba a sa masa ido, shi ya sa yake riƙe shi da zuciya ɗaya. In na ce amana, na bar ƙofar da 'ya'yanmu za su zo su yi ta jayayya wata rana. Liman ya ɗaga kafaɗa, aka shafa fatiha. Na dawo Riyad ina jin kaina kamar wanda ya gina ganuwa. Har kabsa, shinkafarsu da nama, na saya wa injiniya da ɗan Filifin, na ce yau ni ma na shiga sahunsu.

Damina biyu aka yi lafiya. Sannan aka fitar da sabon titi ta unguwarmu, gidan masaƙa ya wayi gari a bakin kwalta.

Ranar da labarin ya iso ni ina tsaye ne a gaban wani tsohon gidan ƙasa a Dir'iyya. Aikin da ake yi a can ke nan: gidajen kakanninsu na laka da suka zube ake tayarwa, a kwaɓa ƙasa da ciyawa yadda aka yi tun farko, a jera itacen rufi, a kawo masana daga ƙasashe su tsaya a kai kada a kuskure ko taga ɗaya. Ni nake auna musu katanga don kada ta goce. Wayata ta yi ƙara, na ga ƙanwata ce ta turo hoto mai motsi, ba gaisuwa ba komai. Na buɗe. Wasu samari ne a kan soron zaurenmu suna zare azara suna jefowa ƙasa. Ɗakina na kusa da rijiya babu rufi, ana hango shuɗin fentin da na shafa da hannuna. A ƙarshe muryar wata maƙwabciya ce ke cewa, "Ikon Allah, gidan masaƙa ya tafi."

Na kira Yaya nan take. Ya ɗauka kuwa, ban hana shi wannan ba.

Na ce, "Yaya, me nake gani haka?"

Ya ce, "Da ma ina shirin kiranka. Wani ɗan kasuwa ne zai yi shaguna."

"Ka sayar da gidan Baba ba ka gaya mini ba?"

"Gidana na sayar, Alhaji. Ko ka manta a gaban liman? Sau biyu ya tambaye ka."

Na ce, "Don ka riƙe na ba ka!"

Nan ya ɗaga murya, abin da bai saba ba. Ya ce, "In riƙe da me? Kai kana can cikin sanyin na'ura kana mafarkin zaure. Ni nake tara kwanoni duk damina. Katangar gabas ta faɗi saura ƙiris ta danne mini yarinya, ka sani? Kai ka zo sati biyu ka sha fura ka ɗauki hoto ka tafi. So kake in tsufa ina gadin ɗaki don wani yaro da ko gaisuwa bai iya ba? Ina da 'ya'ya ni ma."

Ya ce Kano zai koma, ya sami gida ƙarami a bayan gari, in yaron ya zo akwai falo. Na kashe wayar. Wasu maganganun nasa gaskiya ne, na sani, kuma sanin bai rage mini komai ba. Da ya ce mini katanga ta faɗi da na tayar. Da ya ce zai sayar da na nemi a sayar mini da abin da yake nawa jiya. Bai faɗa ba don ya san zan hana, kuma ya san ba ni da bakin hanawa. Wannan shirun nasa shi ne ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa, ko da za a tara mini limaman garin duka.

Injiniyan ya same ni zaune a kan buhun ciyawa, ya tambayi ko lafiya. Na nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya zauna kusa da ni. Na ce, "Ga al'adarku nan, Muhandis. Na gwada."

Ya miƙo mini wayata. Sannan ya ce ai a can ba kyauta ake yi wa magaji ba, ɗaure shi ake yi. Tun yana yaro ya san ba shi da wata rayuwa sai gidan. In ya sayar, maƙwabta ba za su ƙara zama kusa da shi a coci ba, ba wanda zai ɗauki gawarsa. Ƙauyen gaba ɗaya ne ke riƙe da gidan, mutum ɗaya ba zai iya ba. Ya ƙara da cewa kakan nasa da ya tafi Chile bai taɓa yafe wa 'yar'uwarsa da aka zaɓa ba. Har ya mutu ba a ambaton gidan a gabansa, in an ambata sai ya tofar da yawu. Su jikoki ne suka mayar da abin labari mai daɗi.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini wannan tun farko?"

Ya ce, "Ban san gini za ka yi a kai ba. Na ɗauka hira muke."

Ban ga laifinsa ba, amma daga ranar na daina cin abinci da shi. Duk sanda na ga sunan nan a goshinsa sai raina ya ɓaci. Kayan aro ba ya rufe katara, Hausawa sun faɗa tun kafin a haife ni, ni kuma na je na aro rabin riga. Da kwangilarsa ta ƙare ya tafi, ɗan Filifin ma aka mayar da shi wani aikin a Jidda. Sunan ya ƙara gaba abinsa, ya bar ni da awon katangar mutane.

Abin da nake tsoro kuma ya zo. Yaron ya gama jami'a, ya yi ta yawo da takardu, ko'ina a ce gurbin na 'yan ƙasa ne. Shekarunsa suka cika, aka buga masa fita. Uwarsa ta yi kuka har ta rame. Muka shirya zai sauka wurin gwaggonsa a Zariya, a ɗakin 'ya'yan mijinta, kafin a ga abin da Allah zai yi. Na gaya masa an rushe gidan, da Larabci na gaya masa, ya ce ya ji. Amma bayan ya yi 'yan makonni a can sai ya kafe shi sai ya je ya ga garin da yake ɗauke da sunansa. Gwaggonsa ta ce ya jira a sami mai raka shi, ya ƙi. Taurin kan ba daga nesa ya ɗauko ba.

Ranar Juma'a ce, ina kasuwar Al-Aziziya bayan la'asar ina taya uwarsa zaɓen tumatir, ya kira. Na koma gefe bayan wata motar kankana don in ji shi. Da Larabci ya fara, da sauri, yadda yake yi in ransa ya ɓaci. Ya ce ya isa. Ya tambayi gidan masaƙa a tasha, masu babur suka ce ba su sani ba. Wani ya kai shi sabon titi, ya ga jerin shaguna, masu sayar da waya da masu cajin batir, duk samari, ba wanda ya taɓa jin sunan. In ya yi magana sai su yi dariya su kira wasu su zo su ji Balaraben da ya ƙone. Ya gaji, ya nemi masaukin baƙi kusa da tasha.

Ya ce, "Yuba, mai masaukin ya tambayi sunana, na faɗa. Ya ce ai kai ɗan gari ne, me ya kawo ka nan, ɗan wane gida ne kai? Yana tsaye yana jira. Dattijo ne, ba ya jin Turanci. Me zan ce masa?"

Na ce, "Ka ce gidan masaƙa."

Na ji ya faɗa, na ji muryar dattijon daga nesa tana cewa Allahu akbar, ya san gidan, ya san kakan. Sannan ya sake wata tambayar.

Yaron ya ce, "Yana cewa to me ya sa ban sauka a gida ba. Yuba, yaya ake faɗa da Hausa?"

Na juya wa mutane baya. Na ce, "Ka ce, an sayar da gidanmu."

Ya gwada, harshensa ya karye a tsakiya. Na sake faɗa masa a hankali, kalma bayan kalma, yana bina. A karo na uku ya faɗe ta daidai, tsaf, kamar wanda aka haifa a zauren. Na tsaya da waya a kunne ina jin ɗana yana maimaita wa baƙo ita, ga uwarsa can tana ɗago mini tumatir tana tambaya ko wannan ya yi.